Saƙon da Mama Ta Rubuta da Hannunta

Yaya Uwais,

Assalamu alaikum. Ya mutanen Dala, ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau nake a Alƙahira, abinci ne dai ba ya shiga.

Jiya na buɗe zauren WhatsApp da nake koya wa matan unguwarmu karatu, sai na sake ganin saƙon Mama na ƙarshe. Wata takwas tana turo murya, wannan saƙon ne ta fara rubutawa da hannunta: "Kaltum yaushe zaki dawo." Ranar da ta turo shi ina cikin jarabawa, na ce sai gobe zan amsa. Goben ce kuka kira ni da rasuwarta.

Don Allah ku ba Goggo Binta wayar Mama, ta daɗe tana son koyo. Zan ci gaba da darasi ranar Asabar, in na iya.

Allah ya jiƙan Mama.

Ƙanwarka,
Kaltum