Haruffan Malam Sun Saki Hannun Juna

Salamu alaikum Anti Fa'iza. Don Allah ki gaya min yadda za a yi rubutun mijina ya fito daga kwamfuta yadda ya shiga, kafin in fita takaba. Abin da nake nema ke nan. Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Maƙwabciyata Zuliha ce take rubutawa ina faɗa, in kin ga magana tana komawa baya, to ni ce.

Mijina malamin Islamiyya ne, yana noman rani kuma, tumatir da albasa. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, shi ke nan. Ya bar ni da goyo, Baraka, ko tsayuwa ba ta fara ba. Akwai ɗan littafin da ya daɗe yana rubutawa da hannunsa, addu'o'i ne, ta shuka, ta sakin ruwa a gona, ta shiga kasuwa, Larabci a sama, fassarar Hausa da boko a ƙasa. In ya dawo ban ruwa, ƙafa duk taɓo, sai ya zauna a bakin ƙofa yana rubutu ni ina tankaɗe. Kullum cewa yake in kakar tumatir ta wuce zai kai a buga. Allah bai nufa ba.

Sai na ce ni zan cika masa, a raba sadaka ranar fitar takabata. Surukina, Baba Malam, bai so ba. Ya ce kalmar Allah ba a ba inji, a bari ɗalibai su kwafa da hannu. Na yi ta kuka har ya ce to, amma in harafi ɗaya ya ɓaci a wuyana yake.

Yayana Isiyaku ya kai littafin wani shagon kwamfuta a Kura. Mai shagon ya buga, Yaya ya gani a fuskar kwamfutar, ya ce tsaf. Aka zuba a filash, ɗan abin nan da ake kwaso rubutu daga kwamfuta, aka kai Kano wajen masu buga littattafai, aka kawo min kwali guda. Anti, ina buɗewa na ga ba daidai ba. Ban iya karatu ba, amma na san rubutun Malam, haruffansa riƙe suke da hannun juna. Waɗannan kuwa kowanne tsaye shi kaɗai. Zuliha ta ce wai ta hagu ma suka faro, har bisimillar a juye take. Hausar kuma wasu wuraren ba harafi sai ɗan akwati. Addu'a ɗaya ta tsinke, rabi nan rabi can, fassarar wata ta koma ƙarƙashin wata.

Na Kura ya rantse nasa daidai ne. Na Kano ya ce abin da aka ba shi ya buga. Yaya ya gaji, ga shinkafarsa tana jira, ya ce in haƙura. Ni ba fita nake ba balle in je in gani da idona. Masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, kowa yana gona, ɗakin tsit, daga ni sai yarinyar sai kwalin a ƙarƙashin gado. Tsoro nake ko na juya kalmar Allah, ko zunubin yana isa Malam a kabarinsa. Da na ji tarin Baba Malam a zaure sai in ƙara tura kwalin can ciki. Ga kwanakin sun kusa cika.

Ba wanda na faɗa wa sai Yaya, da Zuliha, da Baraka da ba ta san me nake cewa ba. Sai ke yanzu.

Mai Takaba, daga wani ƙauye a Bunkure

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan Malam, ya raya Baraka.

Ki kwantar da hankalinki, rubutun bai lalace ba. Yana nan lafiya a kwamfutar Kura, kuma mutanen nan biyu duk gaskiya suka faɗa. Ta Kura an sa mata Larabci da haruffan Hausa masu ƙugiya, ta Kano ba a sa mata ba. Da aka ba ta abin da ba ta sani ba, sai ta jera Larabcin daga hagu kamar boko, ta raba haruffan, ta sa akwati inda ba ta da harafi, shafukan suka zame. Laifin na Kura, ya ba da filash bai ba da samfuri a takarda ba. Laifin na Kano, ya buga kwali guda bai nuna wa kowa shafi ɗaya ba.

Ga abin yi. Yayanki ya koma Kura, a fitar da littafin a takarda daga wannan kwamfutar da aka buga shi. Takardar za a kai Kano su ɗauki hotonta shafi-shafi, kada su sake buɗe filash. In mai shagon ya iya mayar da shi PDF, shi ma yana daskarar da shafi yadda yake. Kowanne aka bi, a kawo kwafi ɗaya a duba kafin a tayar da inji.

Mai dubawar kuwa Baba Malam ne. Tsoronsa yana kan hanya, ga shi kin gani da idonki, amma ke ma niyyarki mai kyau ce. Malamai sun koya mana aiki da niyya yake, kuma ba a ɗora wa mamaci kuskuren inji. Ki fito da kwalin nan, ki tura Yayanki ya faɗa masa kai tsaye, shi zai san yadda za a kawar da ɓatattun cikin girmamawa. Sannan ki aika masa da sabon kwafin haɗe da rubutun hannun ɗansa, ki roƙe shi ya bi su harafi-harafi. Shi ma fa rashi ya yi, kuma ina zaton tun rasuwar ba wanda ya ba shi wani aikin da zai yi wa ɗansa.

In bai kammala ranar fitar takaba ba, sadaka ba ta makara. Rubutun hannun Malam kuma ki karɓo ki adana wa Baraka.

Zuliha, na gode miki, ki riƙa leƙa ta ko ba wasiƙa. Allah ya sa a raba lafiya.