Umma ta kama ni ina dariya

Anti, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ɗalibar sakandare ce ni, kuma ba ni da baki, ko a aji sai malami ya kira ni nake magana.

Babana tela ne, ya rasu kwanan baya. Ni da shi muke kallon fina-finan Turawan Ingila na zamanin da, irin na manyan gidajen sarauta masu barori da dogayen tebura. Ba ya jin Turanci sosai, ni nake fassara masa. Gaskiya ba labarin ne ya dame shi ba, ɗinkin yake kallo. Ana tsakiyar rigimar gado sai ya ce in tsayar da hoton ya ga yadda aka kafa wuyan kwat, ya ɗauki alli ya zana a teburin yanka. Kowa a fim ɗin sai da Baba ya raɗa masa suna, akwai Mai Maɓalli, akwai Tsohuwa Sarkin Tsiya. A nan kaɗai nake surutu, Anti.

Akwai wanda muka fara ba mu ƙarasa ba. Ran nan na dawo daga makaranta na kunna shi a wayar Baba, ina zaune a kan kujerar keken ɗinkinsa. Sai ga wani baƙo a fim ɗin ya shigo falo da kwat, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu. Na san da Baba na nan cewa zai yi da yunwa telan ya yanka ta. Dariya ta kuɓuce mini. Ina ɗagowa sai ga Umma a bakin ƙofa. Abin da ta ce kawai shi ne, “Ashe ke har kin warke.”

Tun ranar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Sai ta ajiye mini abinci ta wuce. Na sha zuwa ƙofar ɗakinta, sai maganar ta maƙale. Shin laifi na yi? In goge fina-finan ne? Idan na goge, ji nake kamar na sake rasa shi.

Ɗiyar tela

Ɗiyata, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Ba ki yi laifi ba. Kewa ba ta da kama ɗaya, wani kuka take sa shi, wani dariya. Amma ki tsaya inda Umma ta tsaya. Kujerar mijinta ta gani, da wayarsa, da ’yarsa tana dariya da Turawa. Ba ta ji abin da kika ji a zuciyarki ba. Wanda ke da miki, ko iska ta taɓa shi sai ya ji zafi. Ina kyautata zaton ita ma maganar tana cin ta, ta rasa ta inda za ta janye ta.

Kada ki goge komai. Ki dai jingine kallon na ɗan lokaci, kuma kada ki koma yi a ɓoye, ɓoyo zai tabbatar mata da abin da take tsoro.

Tunda kunya na ɗaure miki harshe, ki bar zuwa ƙofar ɗaki. Ki same ta tana aiki, wanki ko ninkin kaya, ki sa hannu. Magana ta fi sauƙin fita idan ido na kan aiki. Kada ki tsaya kare fim. Ki ce mata, Umma, Baba ne na tuna ran nan, sannan ki faɗi abin da ya ba ki dariya, yadda shi zai faɗe shi. Ta riga ki sanin bakin mijinta.

Wataƙila ta yi kuka. Kada ki tsorata, kada ki tashi, ki zauna har ta gama.

Allah ya sanyaya zukatanku, ya ba ki sa’ar karatu.