Baba Ya Taka Filin Gida

Yayana na kaina,

Sallama irin ta 'yan'uwa, da gaisuwa mai yawa gare ka da duk wanda ke ƙarƙashin inuwarka. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ciwon bayan nan da ka yi ta ƙorafi a kai ya sake ka. Allah ya ƙara maka ƙarfin jiki, ya sa albarka a cikin nemanka, ya tsare mana kai a inda idonmu ba ya kaiwa. Mu nan lafiya lau muke. 'Yan biyu sun koma makaranta, Auta ta fara haƙori tana cizon duk wanda ya miƙa mata yatsa, maigidana kuma yana nan da aikinsa na asibiti, wata rana da safe wata rana da yamma.

Na san mun yi waya, amma maganar da ke bakina ta fi ƙarfin waya, ga shi kullum ana tsakiyar zance layin yake yankewa. Maganar Baba ce, da filin nan na bayan gidanmu.

Ka tuna tun da ɓarin jikinsa ya shanye muka dawo da shi wurinmu, likitar da ke gasa masa ƙafa ta ce maganin da ya fi kowanne shi ne tafiya kullum, a fili, a wuri mai laushi wanda ko ya faɗi ba zai ji ciwo ba. To ka san ƙasar nan tamu yumɓu ce zalla. Da rani ta tsattsage kamar tafin ƙafar manomi, da damina kuma ta riƙe ruwa kamar kwano. In aka yi ruwa yau, sai a yi kwanaki yana kwance, kwaɗi na biki, sauro na ɗaurin aure. Ranar da Baba ya gwada fita, sandarsa ta nutse a taɓo, ya zame ya faɗi a gefen igiyar shanya. Bai karye ba, alhamdulillahi, amma daga ranar ya ƙi ko leƙa ƙofar baya. Ya koma zaman kujera yana kallon bango. Abinci sai an yi ta lallami, magana sai an tambaye shi. Wata rana ina gyara masa shimfiɗa ya ce min shi kam ya gama tafiyarsa a duniya, saura wadda za a ɗauke shi. Yaya, na shiga kicin na yi kuka har na gode Allah.

Ba mu zauna haka ba. Maigidana ya sa aka juye yashi a wurin, amma da ya haɗu da yumɓu sai ya zama wani abu da ba shi da suna, ba laka ba ba siminti ba. Ya haƙa 'yar hanya don ruwan ya fita, sai ruwan ya bi ta gindin katangar maƙwabcinmu tela, har bangon shagonsa ya fara jiƙewa. Mutumin kirki ne, amma ranar ya shigo da fuska a ɗaure ya ce yadin mutane ne a ɗakin, ba nasa ba. Garin gyaran gira muka kusa rasa ido. Wasu suka ce a malala siminti a huta, ni kuwa na ce ba zan ɗora tsohon da ƙafarsa ke rawa a kan siminti ba.

A nan ne ka shigo. Da na ba ka labari ka yi dariya ka ce shekara nawa kana shimfiɗa wa 'yan ƙwallo fili a can, ga mahaifinka ya rasa wurin taka ƙafa. Ka ce kada mu yi faɗa da yumɓu, mu hau kansa kawai. Yadda ka faɗa haka muka yi. Magini ya kwashe lakar sama, ya yi wa ƙasan gangara zuwa wajen titi, ya binne bututun roba mai huji-huji wanda ya kai har kwata. Ya kewaye wurin da bulo, ya shimfiɗa ƙyallen nan mai kauri da ka ce ruwa na ratsa shi amma laka ba ta wucewa, ya zuba tsakuwa manya, ya bi da ƙanana, aka daɓe da inji har wurin ya ɗaga sama da tafin hannu. Sannan aka shimfiɗa ciyawar roba. Maginin ya so ya rage tsakuwar don a gama da wuri, sai da na sa shi ya yi magana da kai, ban san me ka faɗa masa ba, na dai ga ya ƙaro baron tsakuwa. Tela da kansa ya zo ya riƙe mana igiyar awo, kuma shi ya ɗinka mana rumfar da muka kafa a gefe, domin gaskiyarka ce, ciyawar tana ɗaukar zafi da tsakar rana.

Ana gamawa da 'yan kwanaki aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na tsaya a taga ina kallo. Da aka ɗauke na fita ba takalmi, na taka, na sake takawa. Ba taɓo, ba caɓi, sai ƙarar ruwa a cikin bututu yana tafiyarsa. 'Yan biyu suka fito suna birgima a kai, ko tabo babu a rigunansu.

Baba bai fito ranar ba, kuma ban matsa masa ba. Washegari da hantsi ina wanke-wanke na ji ƙarar sandarsa a bakin ƙofa. Ya daɗe yana dangwala ciyawar da sanda kamar mai gwada zurfin kogi. Ya tambaye ni wace irin ciyawa ce wannan da ko akuya ba za ta yi wa kallo biyu ba. Na ce aikin ɗansa ne. Sai ya ce in cire masa takalmi. Ya taka daga ƙofa har katanga, ya huta, ya dawo, ni ina binsa a baya hannuna a buɗe, bai ko neme ni ba. Ranar ya cinye abincinsa ya nemi ƙari. Yanzu kullum sai ya fita, har shi ke korar yara in sun tare masa hanya, likitarsa kuma ta ce ƙafar ta fara jin magana.

Yaya, ban san da wane baki zan gode maka ba. Kana nesa, amma hannunka ya iso. Allah ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka fiye da haka, ya saka maka da mafificin alheri.

Na so in ɗauki hotonsa yana tafiya in turo maka, ya hana. Ya ce in rubuta maka cewa shi ba ɗan wasan kwaikwayo ba ne, wanda ke son ganin tafiyarsa ya zo ya gani da idonsa. Ya ce kuma ranar da za ka zo kada ka shigo kai tsaye, ka ƙwanƙwasa ka jira, domin shi zai buɗe maka ƙofa.

Ka gaida matar Yaya da kyau, ka ce ina nan ina jiran amsar saƙona. Ka shafa min kan babban yaronka da 'yar lelen gidan. Goggo da Kawu suna gaishe ka, maigidana yana gaisuwa, tela ma ya ce a miƙa tasa.

Ƙanwarka,
wadda har gobe kake kira Sarkin Surutu