Wayarin Gidan Baba

Uwata, 'yata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Kiran bidiyo ya ƙi mu, shi ya sa na koma biro. Na'urar intanet ɗin da kika saka tana falo, ni kuma gwiwa ta ɗaure ni a ɗakin baya. Jiya fuskarki ta daskare baki buɗe, na zauna ina kallonta har wayar ta mutu. Tun rasuwar mahaifiyarki gidan nan ya yi mini girma. Ke ce ma'aikaciyar intanet, ki nemo dabara.

Allah Ya yi miki albarka.
Babanki

Baba,

Barka da hutawa, ya ƙarfin jiki? Hanya uku ce. Waifai, intanet marar waya, ba zai keta bango uku ba, mu bar shi. Kebul ya fi duka ƙarfi, amma sai na zo da kaina na huda bango, ga hutu ya yi wuya. Saura 'yan akwatunan nan biyu da na aiko. Ka soka ɗaya a soket ɗin falo, ka haɗa da na'urar, ɗayan kuma a ɗakinka. Intanet zai bi ta wayar lantarkin gida. Sai dai tsohon wayarin kan ba su matsala.

Ka huta lafiya.
'Yarka

Uwata,

Bayan gaisuwa, wayarin ɗin wa kike kira tsoho? Shekara talatin da biyar ina aikin lantarki. Kowace waya a gidan nan hannuna ne ya ja ta, mahaifiyarki na riƙe mini tsani tana mita. Ko fiyus bai taɓa ƙonewa ba. Gobe zan gwada, ki ji kunya.

Babanki

Uwata,

Gaisuwa mai yawa. Na gwada, abin bai yi ba. Da gaskiyarki, wayarin ya tsufa, wataƙila ma tun farko ban yi shi da kyau ba. Sai dai kebul ɗin. Ba gaggawa, duk ranar da kika samu hutu. Na share ɗakinki, don ƙura ta yi yawa ne kawai.

Allah Ya tsare.
Babanki

Baba,

Ina gaisuwa. Daga ofis ina iya duba aikin na'urar gidan ta intanet. Ranar Talata akwatunan sun haɗu da cikakken ƙarfi, minti huɗu, sannan aka zare su. Wayarinka ba shi da laifi, kada ka sake yi masa ƙazafi saboda ni. Na yi kuka da na karanta takardarka.

Na sayi kebul mita ashirin. Ina tafe ranar Asabar, kuma sai na yi mako guda, don jan kebul ba ya son gaggawa.

Sai na zo.
'Yarka