Farar rigar Baba Ila a cikin laka

Laraba da dare, unguwar Zariya, Maraɗi

Yau na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa da hoton nan a wayata, na tsohon manomin da wani shahararren mai hoto ya ɗauka, riga a yage, gumi na zuba. Saboda shi na sayi kyamara. So nake in yi irinsa da Baba Ila, wan babana, a garkarsa ta albasa.

Na nuna mishi. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗiyata, shi wannan bawan Allah an tambaye shi ko haka yake son jikokinsa su gan shi?"

Ya tafi gida ya bar ni a rana ina ta jin haushi. Sai ga shi cikin farar rigarsa ta Juma'a, har da turare. Ya tuɓe takalmi, ya shiga laka, ya tsaya yadda ransa ke so.

Sau uku na ɗauka. Na biyun ya fi duk abin da na taɓa yi, ba na shakka.

Wancan tsohon, duniya ta san fuskarsa, ba wanda ya san sunansa. Nawa hoton kuwa, na rubuta sunan Baba Ila a ƙasansa.