Kwat a Kan Kujera

Nairobi

Yaya Awino,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ya tarin Mama? Ni dai ba a kore ni ba, ina nan ina dafa shayi. Amma ofishin namu, da ke gwada na'urorin nan masu tunani kafin a sake su cikin jama'a, an share shi tas. Wai gwamnati na rage ma'aikata. Masu gwajin duk sun tafi, saura Darakta da sakatariyarsa.

Ƙaninki,
Ogola

Siaya

Ogola,

Muna amsawa. Na kai Mama asibitin garinmu. Babu likita, amma an kawo sabuwar na'ura mai duba hoton ƙirji, ta ce ƙirjinta fes. Da tambarin ofishinku a jikinta. Mutumin kamfanin da ya kawo ta ma ya ce da ƙafarsa ya je wurinku, ya ga kowace kujera da kwat ɗin mai ita. To wa aka kora, sarkin ƙorafi? Ka ci abinci.

Yayarka,
Awino

Nairobi

Yaya,

Ina gaisuwa. Kin san halin ma'aikatan gwamnati: mutum ya rataye kwat a kujera, a ce yana nan, alhali yana Mombasa. Ana gobe mutanen kamfanin na'urar za su zo, Darakta ya tura ni kasuwar Gikomba in sayo kwat na gwanjo. Har da ce min, "Kada ka kwaso launi ɗaya, Ogola, kai ma ka riƙa tunani!" Na rataye su, ya sa na ajiye shayi rabin kofi a kan kowane tebur. Da suka iso, sai ya yi ta washe baki yana cewa, "Yaran nawa sun ɗan fita." Ya danna tambari, ko kunna na'urar ba a yi ba, suka wuce cin gasasshen nama. Ni kuma na bi na zubar da shayin nan.

Don Allah ki kai Mama Kisumu, wurin likita mai numfashi. Gobe, ba jibi ba.

Ki huta lafiya,
Ogola

Kisumu

Ogola,

An kwantar da ita. Tarin fuka ne, ya riga ya ci huhu ɗaya. Likita sai faɗa yake, me ya sa muka zauna. Ɗakin akwai sanyi da asuba. Mama ta ce ka aiko mata kwat ɗaya, tunda masu su ba sa jin sanyi.

Awino