Safar Hannun Gola

Daren Asabar, farkon damina, shekarar korona, Yankara

Jiya koci ya kira ni a waya. Ya ce, "Nura, sai haƙuri, an soke gasar ƙwallon kwalejoji ta bana." Na ce ko dai ɗagawa aka yi? Ya ce a'a, sai baɗi in Allah ya kai mu.

Wane baɗi? Ni bana nake gamawa. Tun da na shiga kwaleji nake ɗumama benci, ina jiran Sani Dogo ya gama ya bar mani raga. Da zai tafi ya ba ni safar hannunsa ta gola, ya ce yanzu lokacina ne. Na adana ta, na ce ba zan sa ba sai ranar wasan farko.

Wai saboda korona, kada mu cakuɗu. To ranar kasuwa na raka Baba sayen taki, ko wurin sa ƙafa babu. Cutar ba ta cin kasuwa ke nan, filin ƙwallo kaɗai ta sani.

Yau bayan magariba na iske safar a kan igiyar shanya, tana warin maganin ciyawa, tafinta duk ya saɓule. Ashe Baba ne ya yi feshi da ita a gonar masara.

Na ce, "Baba, ta wasa ce fa."

Ya ce, "Wasan da ka ce mani an fasa? Gara ta yi aiki. Gobe ma kai za ka yi feshin, bayana ya riƙe."

Gobe zan sa ta karon farko.